Haƙƙin 'Yan Kurkuku a Kan Jama'ar Musulmi

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya fid da Annabi Yusufu daga kurkuku, Ya ɗora shi a kan taskokin ƙasar Masar. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, maganar wannan mako a kan wasu bayin Allah ce waɗanda jama'a ke wucewa ta ƙofarsu safe da yamma, amma da wuya a sami mai tsayawa ya yi musu sallama. Watau mutanen da ke tsare a gidan yari. A garin Ƙauran Namoda akwai irin wannan gida, a Gusau kuma akwai wanda ya fi shi girma. Mutumin da aka kama a Shinkafi ko Zurmi ko ƙauyukansu, in aka kai shi ɗaya daga cikin gidajen nan, to, ya yi nisa da danginsa ke nan, balle a wannan zamani da bin hanya ya zama abin fargaba. Masallatai cike suke da jama'a, ana tafsiri kowane azumi, ana tara kuɗin gina hasumiya, amma sau nawa aka ji liman ya miƙe ran Juma'a ya ce ana neman mutum biyar da za su riƙa zuwa gidan yari kowane mako?

Duk wanda ya karanta Suratu Yusuf da natsuwa zai ga cewa babbar musibar ɗan kurkuku ita ce mantuwa. An jefa Annabi Yusufu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, a kurkuku bayan manyan gari sun ga alamun da ke nuna ba shi da laifi. Ba a yi shari'a ba, ba a kuma yanka masa wa'adi ba. A can ya haɗu da samari biyu, kowannensu ya yi mafarki. Kafin ya fassara musu mafarkin sai da ya fara kiransu zuwa ga kaɗaita Allah, watau ya mai da ɗakin kurkuku makaranta. Da ya gane ɗayansu zai fita ya koma hidimar sarki, sai ya roƙe shi ya ambace shi a wurin ubangidansa. Saurayin ya fita, ya shiga daula, Shaiɗan ya mantar da shi. Saboda wannan mantuwa ta mutum guda Annabin Allah ya ƙara shekaru a tsare, mafi yawan malaman tafsiri suka ce bakwai. Kuma ba abin da ya buɗe ƙofar, bayan ikon Allah, sai ranar da mutumin nan ya tuna. Ashe ke nan tunawa da ɗan kurkuku aiki ne wanda Allah kan sanya shi sanadin kuɓutar mutum, mantawa da shi kuwa Alƙur'ani ga Shaiɗan ya jingina ta.

A cikin Suratul Insan, aya ta 8, Allah Ya yabi mutanen kirki da ciyar da mutum uku alhali su ma suna bukatar abincin: miskini, da maraya, da kamamme. Jama'a sun riƙe biyun farko, ba laifi, amma na ukun an bar shi a takarda. Abin lura kuwa shi ne, kamammun da ke hannun Musulmi a zamanin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, mushirikai ne waɗanda suka zo da takobi don su kashe shi. Bayan yaƙin Badar, a shekara ta 2 bayan Hijira, ya yi wasiyya a kyautata wa waɗanda aka kamo. Ɗaya daga cikinsu, Abu Azizu ɗan Umairu, ɗan'uwan sahabin nan Mus'abu, ya ba da labari daga baya cewa mutanen Madina da ke tsaronsa sukan ba shi gurasa su ci dabino, alhali gurasa ita ce abinci mai daraja a wurinsu, har kunya takan kama shi. Haka kuma Sumamatu ɗan Usalu, shugaban mutanen Yamama, da aka kamo shi aka ɗaure a jikin ginshiƙin masallaci. Kwana uku Manzon Allah yana zuwa wurinsa da kansa yana tambayarsa abin da ke ransa. A rana ta uku ya ce a sake shi. Mutumin ya tafi ya yi wanka, ya dawo ya musulunta ba wanda ya tilasta shi. Imamu Buhari kuma ya ruwaito daga Abu Musal Ash'ari hadisin da ya haɗa umurni uku wuri ɗaya, watau kwance kamamme, da ciyar da mayunwaci, da gai da mara lafiya. Wanda ya shiga gidan yari yau zai tarad da mutum ɗaya ya haɗa siffofin nan uku a jikinsa.

Kurkuku ba baƙon abu ba ne a shari'a. Sayyidina Umaru ya sa an sayi gidan Safwanu ɗan Umayya a Makka dirhami 4,000 aka mai da shi wurin tsare mutane, Sayyidina Aliyu kuma ya gina na musamman a Kufa. Amma tun wancan lokaci malamai ba su bar wa masu tsaro kaɗai sha'anin fursuna ba. Alƙali Abu Yusufa, almajirin Imamu Abu Hanifa, a littafin da ya rubuta wa Halifa Haruna Rashidu a kan haraji, ya keɓe sashe a kan 'yan kurkuku. Ya nemi a yanka wa kowane fursuna mara hali abin ci daga baitulmali, ya kuma ba da shawara a ba shi kuɗi a hannunsa, dirhami 10 a wata, domin in aka ce gurasa za a raba, masu tsaro za su cinye. Ya nemi a ba su tufafin hunturu da na bazara. Ya yi tir da barin fursunoni su fito cikin mari suna bara a titi, ya kuma ambaci yadda baƙo kan mutu a tsare gawarsa ta kwana ba mai yi mata sutura. A ƙarshe ya nemi a riƙa duba shari'unsu kullum, mai laifi a hukunta shi, mara laifi a sallame shi. Fiye da shekara 1,200 ke nan da rubuta wannan, amma mai karatu zai yi tsammanin jiya aka rubuta shi.

Littattafan da ake karantawa a zaurukan malamai na wannan ƙasa ma ba su yi shiru ba. Mai Risala ya bayyana cewa ana tsare wanda ake bi bashi ne don a gane haƙiƙanin halinsa, in ta tabbata ba shi da komai to babu tsaro a kansa. Wannan shi ne abin da aya ta 280 ta Suratul Baƙara ta hukunta, cewa a jinkirta wa mai ƙunci har ya samu. Shehu Halilu a Muhtasar ya nuna cewa sabon alƙali in ya kama aiki, da mutanen da ke tsare zai fara kafin ya duba wani abu. Ya kuma nuna ba a hana mai zuwa gaisuwa ganin wanda aka tsare saboda bashi, har ma an kyautata a bar shi ya fita da mai tsaya masa don ya gai da iyayensa in cuta ta tsananta musu. Almajirai nawa ne suka biya waɗannan babuka a gaban malam, aka fassara musu kalma bayan kalma, amma bai taɓa faɗo musu a rai ba cewa maganar ta shafi ginin nan da ke cikin garinsu?

Dattawa suna tuna zamanin En'e, lokacin da kurkuku ke ƙarƙashin sarki, Yari ke kula da shi, abin da ya sa har yau ake cewa gidan yari. Zamanin nan yana da nasa zalunci, ba mai musu, sai dai fursuna a idon jama'a yake, ana ganinsa yana shara da ɗiban ruwa, an san ɗan gidan wane ne. A 1968 gidajen yarin En'e suka koma hannun Gwamnatin Tarayya. A 2019 aka yi sabuwar doka wadda ta sake wa hukumar suna ta zama ta gyaran hali, ta kuma buɗe ƙofar hukunci ba tare da ɗauri ba, kamar sa mai ƙaramin laifi aikin gayya. A 2023 kuma aka gyara tsarin mulki yadda jihohi ma za su iya kafa nasu gidajen. Suna dai ya canja. Amma a ƙarshen 2023 mutanen da ke tsare a ƙasar nan sun haura 80,000, kuma wajen kashi biyu cikin uku daga cikinsu ba a yanke musu hukunci ba, jiran shari'a suke yi. A cikin Disamba na shekarar shugaban hukumar, Haliru Nababa, ya shaida wa Majalisar Dattawa cewa abincin fursuna a yini Naira 750 ne, na karen tsaro kuwa Naira 800. An ƙara kuɗin zuwa Naira 1,125 daga baya. Duk mai zuwa kasuwar Shinkafi ran Alhamis ya san abin da wannan kuɗi zai iya saye.

To, a nan ne wani zai ɗaga murya, kuma ya cancanci a saurare shi. Zai ce, mutanen Zurmi da Shinkafi da ƙauyukan Ƙaura an kashe musu 'yan'uwa, an kore musu shanu, an sa su sayar da gona don biyan kuɗin fansa, matansu da 'ya'yansu suna kwana a kangaye da makarantu. Yanzu su za a ce wa su ɗauki tuwo su kai wa masu laifi? Wannan magana ce ta wanda ciwo ke cinsa, ba a amsa ta da tsawa. Lalle maraya da bazawarar da aka kashe wa miji suna gaba, kuma wanda aka zalunta ba wanda zai tilasta masa ya je ya gai da wanda ya zalunce shi. Aikin na jama'a ne a dunƙule, in wasu sun tsaya da shi ya faɗi a kan saura. Sai dai ya kamata mai wannan magana ya tambayi kansa, su wa ke cikin gidan? Manyan ɓarayin da ake jin sunayensu a rediyo galibinsu suna daji. A cikin waɗanda ke tsare akwai mai kisa da mai kai wa ɓarayi rahoto, gaskiya ne. Amma akwai wanda ya ci bashin taki damina ta ƙi, akwai yaron da ya saci waya, akwai wanda aka yi faɗa da shi kan iyakar gona, akwai wanda aka kwaso cikin samame don kawai kamarsa ta yi kama da ta waɗanda ake nema. Wanda ba a tabbatar wa laifi ba, a shari'ar Musulunci kuɓutacce ne har sai hujja ta tsayu. Imamu Abu Hanifa a tsare ya rasu a shekara ta 150 bayan Hijira. Imamu Ahmadu ɗan Hambali ya yi fiye da shekara biyu a ɗaure. Ibnu Taimiyya a kurkukun Dimashƙa ya cika a shekara ta 728. Imamu Sarahsi kuwa daga inda aka tsare shi ya yi wa almajiransa shiftar babban sashe na littafinsa Almabsuɗ. Shiga kurkuku ba shi ne shaidar laifi ba.

Wanda ma laifinsa ya tabbata, hukuncinsa shi ne abin da alƙali ya yanke. Alƙali bai yanke masa yunwa ba, bai yanke masa ƙazuwa ba, bai yanke masa jahiltar salla ba. An ruwaito cewa wata mace ta shiga wuta saboda kyanwa da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba. In kyanwa ce wannan, ina ga ɗan Adam mai kalmar shahada? Da aka yi wa wani mashayi haddi a Madina, wani daga cikin jama'a ya yi masa mugun baki, sai Manzon Allah ya hana, ya nuna cewa yin haka taimakon Shaiɗan ne a kan ɗan'uwa. Wannan magana tana da nauyi a ƙasar Zamfara fiye da ko'ina. Saurayin da ya yi shekara biyu a tsare ba wanda ya leƙa shi, ya fito ba sana'a, ba jari, 'yan unguwa suna nuna shi da baki, gidan da ya nemi aure aka kore shi, wa ake tsammanin zai karɓe shi? Akwai masu jiransa a daji da babur da bindiga. Mutumin da ya ƙi kai wa fursuna sabulu don haushin ɓarayi, yana iya zama ya ƙara musu mutum ɗaya bai sani ba.

Aikin da ake bukata ba ya son dukiya mai yawa, ƙafa yake so, zumunta kuwa an ce a ƙafa take. Na farko shi ne karantarwa. Malami ɗaya da zai keɓe hantsin Asabar, ya tafi da Ƙawa'idi da Ahalari da 'yan alluna, zai tarar da magidanta masu furfura waɗanda ba su iya wankan janaba ba, da samarin da Fatiha ba ta zauna a bakinsu ba. Zai tarar da tambayoyin da ba a yi masa a zaure: yadda za a yi taimama in ruwa ya yanke, yadda mutum zai yi salla a ɗakin da ba wurin shimfiɗa goshi, matsayin auren wanda ya shekara uku bai ga iyalinsa ba. Shi ne kuma zai gaya wa mai laifi gaskiyar da ba ya son ji, cewa zaman kurkuku ba ya goge haƙƙin mutane, tuba ba ta cika sai an mai da abin da aka ƙwace ko an nemi yafewa. Ta haka ziyarar takan zama taimako ga wanda aka zalunta shi ma. Bayan karatun addini sai na boko da sana'a. Fursunonin Badar waɗanda ba su da kuɗin fansa, da koya wa yaran Madina goma-goma rubutu suka fanshi kansu, watau tun farkon Musulunci an haɗa tsaro da ilmi. Garin Ƙaura yana da babbar makarantar koyon fasaha ta Tarayya tun 1983, cike da malamai da ɗalibai. Telan gari da kafinta da mai gyaran waya, kowannensu yana da abin da zai koyar in an nemi izni an tsara.

Na biyu, wanda ya fi kowanne sauƙi kuma aka fi sakaci da shi, shi ne kai labari. Da yawa daga masu jiran shari'a an ba da belinsu, abin da ya rage mai tsaya musu. Danginsu kuwa ƙauyen ya watse, wasu suna Gusau, wasu sun haura Nijar, wasu ma sun ɗauka ɓarayi sun kashe shi har an yi sadakar bakwai. Mutum ɗaya mai littafi da alƙalami, wanda zai rubuta sunan fursuna da garinsu da kotun da ke da shari'arsa, ya bi ta hannun hakimi ko limamin garin ya nemo danginsa, ya yi abin da abokin zaman Annabi Yusufu ya kasa yi shekara da shekaru. Akwai hukumar gwamnati mai ba marasa hali lauya kyauta tun 1976, amma sai an kai mata sunan mutum za ta san da shi. Babban Jojin Jiha kuma yana da ikon sallamar wanda tsaronsa ya wuce ƙa'ida in ya kai ziyara, to amma wanda ba mai ambatonsa yakan wuce ba a lura da shi ba.

Na uku shi ne kuɗi. A cikin Nuwamba 2023 Ministan Harkokin Cikin Gida ya ba da sanarwar sallamar fursunoni 4,068 a faɗin ƙasar nan, waɗanda tara ko diyya kaɗai ta riƙe su, da kuɗi Naira miliyan 585 da aka tara daga masu taimako. In aka raba, kowane mutum bai kai Naira 150,000 ba, abin da wani ke kashewa a ragon suna. Masu bashi suna cikin kashi takwas na masu cin zakka da aka lissafa a aya ta 60 ta Suratut Tauba, kuma malaman Malikiyya sun siffanta bashin da cewa irin wanda ake tsare mutum a kansa ne, muddin ba a ɓarna ya ci shi ba, ko kuwa ya ci a ɓarna amma ya tuba. Saboda haka attajirin da ya fid da zakkarsa ya biya wa irin wannan mutum bashi, zakkarsa ta faɗa inda ya dace. Tarar kotu kuwa, abin da ya fi kuɓuta daga saɓani shi ne a biya ta da sadakar ganin dama. Jihar da ta ƙaddamar da shari'a a 1999, take kuma da Hukumar Zakka da Waƙafi, bai kamata a ce wani ya kwana a tsare a cikinta saboda kuɗin buhun gero ba.

Akwai ladubba da ya wajaba mai wannan aiki ya kiyaye, in ba haka ba ɓarnarsa ta fi gyaransa. Ya shiga ta ƙofa, da iznin shugaban gidan, ya bi dokar gandirobobi ko da ya ga ta yi tsauri, domin su ma amana aka ba su, kuma galibinsu talakawa ne masu aiki cikin wahala. Kada tausayi ya sa ya shigar da waya ko wasiƙa a ɓoye, ranar da aka kama shi ya rufe wa duk na bayansa ƙofa. Kada ya tambayi mutum laifin da ya kawo shi sai in shi ya faɗa, abin da ya ji kuma kada ya kai shi majalisa. Kada ya yi alkawarin da ba zai cika ba, don mutumin da ke tsare yana ƙirga kwanaki da maganar da aka gaya masa. Rigimar ƙabalu da sadalu, da ta wane ɗan ɗariƙa ne wane ɗan Izala, a bar ta a bakin ƙofa tare da takalma. Mutanen da ke kwana ƙafa bisa ƙafa a ɗaki ɗaya ba su bukatar a raba musu sahu. In an kawo abinci ko magani a ba kowa, Musulmi da wanda ba Musulmi ba. Ya kamata ma a faɗi gaskiya, ƙungiyoyin Kirista sun daɗe da riƙe wannan aiki da tsari a gidajen yarin ƙasar nan, abin ya isa ya sa Musulmi su ji kunya su tashi. Mata da ke tsare kuwa, wasu da goyo, mata 'yan'uwansu ne suka dace da su, ƙungiyoyin mata Musulmi da malaman Islamiyya na matan aure su ne masu wannan fage.

Sai kuma wata al'ada da ta shigo, ta zuwa sau ɗaya a shekara cikin azumi, da buhunan shinkafa da masu ɗaukar hoto, a jera bayin Allah a tsakar rana a ɗauki fuskokinsu a watsa wa duniya. Ayar da ta biyo bayan ta ciyar da kamamme ta siffanta masu aikin da cewa ba su neman sakayya ko godiya daga wanda suka ciyar. Hoton nan kuwa zai bi mutumin har bayan ya fito, 'ya'yansa su gani, surukansa su gani. Fursuna yana cin abinci a Shawwal kamar yadda yake ci a Ramadan. Jama'atu Nasril Islam da Izala da Fityanu duk suna da rassa da 'yan agaji masu kaki waɗanda ake gani a wurin tafsiri da filin Idi. In kowane masallacin Juma'a na Ƙaura da Shinkafi da Zurmi ya ba da mutum biyu, aka haɗa su kwamiti ɗaya, aka raba musu makonni, aka ajiye akwati a ƙofar masallaci don sabulu da maganin ƙaiƙayi da kuɗin motar wanda aka sallama, ba wanda zuwan zai faɗo kansa fiye da sau ɗaya a wata. Ranar sallama ma a sami mai tsayawa a bakin ƙofa da riga mai tsabta, ya raka mutumin har gaban mai unguwarsu da limaminsu, ya damƙa shi hannu da hannu.